Azumin Inna Asabe

Daga ƙofar ɗakin Inna Asabe zuwa ƙofar banɗaki mita uku da rabi ne. Ga mai lafiya taku biyar ne. Ga Inna, da ciwon gwiwa da yanar ido a gefen hagu, taku tara ne, kuma in ta fara ba ta iya juyawa da sauri. A da tsakar gida ce tsakanin ƙofofin biyu. Tun watan Janairu ta zama hanyar mota.

Gidan yana bakin titin da ya ratsa masana'antun Sharaɗa. Shekara talatin da ɗaya Inna tana sayar wa ma'aikatan kamfani shinkafa da wake a rumfar kwano a ƙofar gidan. Da ƙarfinta ya ƙare, ɗanta na fari, Labaran, ya rushe rumfar da zauren da ɗakuna biyu, ya gina gidan abinci irin wanda mai saye ba ya saukowa daga mota. Mota ta shigo ta ƙofar gabas, ta tsaya a taga ta farko a faɗi abin da ake so, ta matsa taga ta biyu a karɓa, sannan ta zagaya bayan ginin ta fita ta ƙofar yamma. A bayan ginin nan ɗakin Inna yake, jingine da katangar kamfanin roba, shi kaɗai ya rage daga tsohon gidan. Banɗakin kuwa yana jikin sabon ginin, a tsallaken hanyar, dab da kwanar da motoci ke ɓullowa.

Labaran da matarsa Zulaihat da yaransu sun koma Na'ibawa, gidan sama. Inna ta ce ita ba ta hawa bene, kuma a ɗakin nan mijinta ya cika. Aka bar ta. A saman ginin an kafa babban allo mai fitila da ake hangowa tun daga mahaɗar titi: ABINCIN INNA ASABE.

A sati na biyu da buɗewa, ranar Laraba da azahar, Inna ta fito da butarta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta saurara. Ba ta ji komai ba sai kukan janareta. Ta yi taku huɗu. Wata farar mota ta ɓullo kwanar, direban hannunsa ɗaya a sitiyari, ɗayan a cikin ledar abinci, idonsa ma a cikin ledar. Atika mai wanke-wanke ce ta kurma ihu daga ƙofar kicin. Direban ya taka birki. Inna ta saki butar, tayar gaba ta hau kanta, ta fashe.

Direban ya leƙo ta taga.

"Haba Baba! Ina kika taɓa ganin ana tsallaka hanyar mota haka? Ku masu wurin nan, ku dinga hana mutane yawo a nan mana!"

Ya ja motarsa. Ta bayansa tana ta danna oda. Inna ta koma ɗaki da baya-baya, hannunta a jikin bango, ba ta kai inda ta nufa ba.

Tun ana zanen ginin injiniyan da ya yi aikin, Isyaku, ya nuna ɗakin a takarda ya tambayi Labaran ko akwai mai kwana a ciki. Ya ce in akwai, hanyar fita ba za ta bi ta gaban ƙofar ba, sai dai a janye ginin gaba, a haƙura da taga ɗaya. Labaran ya ce sito ne. Duk da haka injiniyan ya sa tudun siminti na rage gudu kafin kwanar, da babban madubi a kan sanda wanda zai nuna wa direba abin da ke gabansa. Ranar da masu duba gini za su zo, aka kai Inna Zawaciki wurin 'yarta Safiyatu, aka ce ta je ta huta da ƙurar siminti. Aka jera katan-katan na man gyaɗa a kan gadonta, aka buga ƙaramin allo mai cewa sito a ƙofar. Da ta dawo an kwashe katan-katan ɗin, allon kuwa yana nan. Inna tana karanta Alƙur'ani, ba ta karanta boko. Ta tambayi Zulaihat abin da aka rubuta. Zulaihat ta ce lambar ɗaki ce.

Da yammacin ranar da butar ta fashe, Zulaihat ta shigo da sabuwar buta da wani abu a baƙar leda. Ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata.

"Inna, Allah Ya kiyaye gaba. Amma ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba raini ba ne. Mutum ya karɓi abincinsa, ya zagayo, abin da zai fara gani mutum da buta. Ku dinga ɗan daurewa lokacin da motoci suka yi yawa."

"Wane lokaci ke nan?"

"Daga sha biyu zuwa uku."

"Shi ke nan?"

"Sai kuma daga biyar zuwa tara. Da safe ma akwai masu karin kumallo, amma su zuwa goma sun ragu."

Ta buɗe ledar. Fo ne na roba, shuɗi, wanda autarta ta daina amfani da shi bara.

"Wannan ko da ta matsa. Atika za ta dinga fitar da shi in an tashi."

Inna ta dubi fon ta ce, "Na gode, Allah Ya yi albarka." Da Zulaihat ta fita, ta kife shi a bayan ƙofa, ta ɗora kwandon carbi da turare a kai. Bai ƙara motsawa daga nan ba.

Inna ba ta yi wa Labaran maganar ba. Shi ɗan fari ne, kuma Inna mutuniyar da ce. Shekara arba'in da shida ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan", ko "yayanku" in da ƙannensa take. In ya shigo gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. Kowa a dangi ya san wannan alkunyar, har ana ba 'yan mata misali da ita. Shi ma ya sani. Kullum da safe yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Inna, kun tashi lafiya? Babu wata damuwa?" Ita kuma ta ce wa bango, "Lafiya lau." Ya ce madalla, ya tafi ofis.

Ta koyi hanyar da kunne. In mota ta hau tudun simintin takan yi ƙara biyu, ta tayar gaba da ta baya, kuma daga nan sai ta ɗan ja numfashi kafin ta ɓullo. In Inna ba ta ji ƙarar ba, ta san tana da lokacin taku tara. Haka ta yi wata guda. Ranar da aka yi sa'a ta tsallaka sau uku.

A tsakiyar Fabrairu layin motoci ya fara fita har kan babban titi, musamman ƙarfe biyu da ƙarfe shida, lokacin da masu aikin safe ke tashi, tireloli kuma suna jere a ƙofofin kamfanoni. Jami'an kula da hanya suka yi wa Labaran kashedi sau biyu. Ya tsaya da agogo ya auna, ya ga kowace mota tana ɓata daƙiƙa shida a kan tudun. Masu ƙananan motoci kuma suna ƙorafin yana kankare musu ƙasan mota, yana zubar musu da miya. Ranar wata Lahadi aka kawo lebura biyu da guduma. Kafin la'asar babu tudu. Madubin kuwa tun kafin nan motar da ke kawo lemo ta fasa shi da baya, sandar kawai ta rage.

Babu wanda ya gaya wa Inna. Ranar Litinin ta tsaya a bakin ƙofa da buta, ba ta ji ƙara ba, ta ɗaga ƙafa. Iskar motar ce ta kaɗa mata mayafi. Ta mayar da ƙafar. Ta yi tsaye a nan kusan rabin awa, sannan ta rufe ƙofa.

Ranar Alhamis da Atika ta kawo mata shayi, Inna ta ce a mayar, azumi take.

Da farko Litinin da Alhamis ne. Daga baya ta haɗa da kwana uku na tsakiyar wata. Kafin Maris ya raba, kullum ne. Takan tashi kafin asuba, lokacin da ƙofar gabas da ta yamma ke kulle, ta tsallaka a natse, ta dawo ta ci lomar tuwo da rabin kofin ruwa. Alwala takan yi a bakin ƙofa da ɗan ruwa kaɗan, ta riƙe ta iya yadda za ta iya. Da magariba, lokacin da motoci suka fi yawa, dabino ɗaya take ci, ta jiƙa leɓe.

Matan kicin suka fara kiran ta waliyyiya. Zulaihat ta ce aikin ma ya ragu, ba sai an kai abinci sau uku ba. Labaran yakan faɗa wa abokansa a masallaci, "Tsohuwata makonni ke nan ba ta sha azumi ba. Mu da ƙarfinmu ba ma iyawa." Su ce Allah Ya ba mu albarkacinsu.

Safiyatu tana aiki a kamfanin buhu a Challawa, kuma sai ta yi sati biyu ba ta sami zuwa ba. Ranar Asabar ta farko a Afrilu ta sauka daga adaidaita sahu da yamma, da kayan aikinta a jiki. Zafin ranar bai sauka ba ko da rana ta yi ƙasa. Ta manna bayanta da bango motoci biyu suka wuce, sannan ta faɗa ɗakin da sallama.

Abin da ta fara gani jakar fiya wata da ta kawo wancan zuwan. Leda ashirin ce a ciki. Ta ƙirga, saura sha bakwai.

"Inna, wannan wane irin azumi ne da ba ya ƙarewa?"

"Ramuwa ce."

"Ramuwar me?"

"Ke kin san nawa na sha ina jegonku? Ku shida. Ke ma watan azumi kika zo, da rigimarki."

"Wannan ai kin rama tun ina firamare. A gabana."

"To ina ƙari. Ke malama ce?"

Leɓenta ya tsattsage. Fatar hannunta in an ja ba ta komawa da wuri. Ɗakin yana wari kaɗan, warin da Inna mai turaren wuta ba ta taɓa bari ya zauna mata a ɗaki ba.

Aka kira magariba. Safiyatu ta fasa leda ta zuba a kofi ta miƙa mata. Inna ta yi bismilla, ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye.

"Shanye mana."

"Sai an jima."

"An jima yaushe?"

Inna ta ɗan ture kofin gefe. Kanta a karkace yake, kunnenta na dama wajen ƙofa. Mota ta wuce, labulen ya motsa. Wata ta wuce. Safiyatu ta dubi kofin, ta dubi butar da ke bayan ƙofa, ta ga shuɗin roba a ƙarƙashin kwandon carbi. Ta ɗaga kwandon, ta mayar.

Bayan ta yi salla ta ɗauki kujera 'yar tsuguno ta zauna a bakin ƙofa da wayarta. Daga ƙarfe bakwai zuwa takwas ta ƙirga abin hawa tamanin da takwas, har da babura da adaidaita sahu. Tazara mafi tsawo tsakanin biyu daƙiƙa casa'in ce, sau ɗaya. Yawanci ba ta kai arba'in. Inna tana buƙatar talatin, kuma daga inda take tsayawa babu yadda za ta san wace tazara ce ta zo.

Ta sami Labaran a ƙaramin ofishinsa, yana kallon motoci ta talabijin ɗin kamara.

"Yaya, ka san dalilin azumin Inna?"

"Neman lada. Akwai wani dalili ne?"

"Ba ta shan ruwa don kada ta je banɗaki. Ba ta zuwa banɗaki don kada mota ta take ta."

Ya juyo da kujerarsa. "Ita ta gaya miki?"

"Sai ta gaya min?"

"Kin gani. Kullum sai na tambaye ta, kullum lafiya lau. Ta taɓa cewa wani abu yana damun ta? Tambayi Zulaihat."

"Yaya, matar da ba ta taɓa kiran sunanka ba, ita kake jira ta kawo maka ƙara?"

"To ni na san gaibu ne?"

"Ka yi mata banɗaki a ɓangarenta. Akwai wuri a gefen ɗakin."

"Na riga ki tunani. Na kawo mai aikin famfo ya duba. Ramin masai yana wannan ɓangaren, sai an fasa simintin hanya an wuce da bututu. Kwana uku wurin nan a rufe, kafin ya bushe. Mutum goma sha tara ke ci a nan, Safiyatu. Bari a yi salla, kasuwa ta lafa."

"Wace sallar? Ƙarama ko babba?"

"Babba."

"To mayar da tudun."

"Ke ba ki san komai a kan hanya ba. In na mayar da tudun, layi ya fita titi. Kin ga tirelolin can? Rana ɗaya birki ya ƙwace wa ɗaya, mutum nawa za a kwasa? A wuyan wa? Ni ina duba rayukan jama'a, ke kina duba buta." Ya sassauta murya. "Kuma na ce ta koma Na'ibawa ta ƙi. In kin fi ni tausayi, ga ki ga ta, ki tafi da ita Zawaciki."

Safiyatu ta koma ta roƙi Inna ta bi ta. Inna ta ce a'a.

"In fita daga gidan nan a ce me? A ce ya gina wuri da sunana ya kore ni? Bakin mutanen Sharaɗa kike so ya hau kansa?"

A bangon ofishin Labaran akwai zanen ginin a cikin gilashi, da sunan injiniyan da lambar wayarsa a ƙasa. Safiyatu ta riga ta ɗauki hotonsa. Ranar Litinin ta kira shi. Ya ji bayaninta, ya ce zai zo Talata ƙarfe sha ɗaya. Ta sanar da Labaran da kanta, don kada a ce ta yi masa a ɓoye. Wannan karon babu lokacin kai Inna ko'ina. Da safiyar Talata an ga Zulaihat ta shiga ɗakin ta daɗe.

Injiniya Isyaku ya zo da hular kwano a hannu da littafi. Ya tsaya inda tudun yake a da, ya dubi tabon simintin. Ya dubi sandar da babu madubi. Ya karanta allon ƙofar, ya yi sallama, ya cire takalmi. A ciki akwai gado mai rumfa, da darduma, da jeren kwanonin tangaran a kabad, da hoton wani dattijo a bango. Labaran yana tsaye a bayansa, Safiyatu a gefen gado.

Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce, "Hajiya, tambaya ɗaya zan yi muku. A nan kuke kwana? In a nan ne, dole in rubuta wa hukuma, a rufe hanyar nan har sai an gyara."

Inna ta dubi bango.

"Ni a Zawaciki nake, wurin wannan. Nakan zo ne in ga wuri."

"Inna!" in ji Safiyatu.

"Gadon fa, Hajiya?"

"Na miƙe baya ne in na zo. Tsufa."

Injiniyan ya ɗan jima a durƙushe. Wata mota ta wuce, labulen ya taɓa masa kafaɗa. Ya miƙe. A waje ya rubuta wa Labaran takarda cewa a mayar da tudun da madubin cikin sati biyu. Labaran ya ce in sha Allahu. Da Safiyatu ta bi shi har mota, ya ce, "Malama, na ga abin da kika gani. Amma mai ɗakin ta faɗa da bakinta a gaban shaidu. Ki lallashe ta. Ranar da ta yarda, ki kira ni."

Safiyatu ta koma ɗakin. Ba ta zauna ba.

"Me ya sa, Inna?"

"So kike in tsaya gaban baƙo in ce wancan ya yi ƙarya?"

"Ai ya yi."

"Ko ya yi. Ba a bakina za a ji ba." Ta lalubi carbinta. "Je ki, kada ki makara aiki."

Kwana tara bayan nan, ranar Alhamis, ƙarfe biyu da 'yan mintuna, layi ya kai bakin titi kamar kullum. Atika ta lura tun safe ba ta ji motsin Inna ba. Ta jira tazara, ta tsallaka da gudu. Ta same ta zaune a ƙasa a bayan ƙofa, butar a cinyarta, zaninta a jiƙe, jikinta kamar garwashi. Idonta a buɗe, amma ba ta gane Atika ba.

Atika ta yi kururuwa. Zulaihat ta bar taga, Labaran ya fito daga ofis. Sai da suka jira mota uku suka wuce kafin su tsallaka. Ya durƙusa a gabanta yana cewa, "Inna! Inna!"

Ta dube shi, ido cikin ido. Muryarta ta fito a bushe, amma duk wanda ke ɗakin ya ji.

"Labaran. Tsayar da su in wuce."

Atika ta rufe baki da hannu. Zulaihat ta sunkuyar da kai. Labaran bai motsa ba, har sai da aka danna oda a waje. Sannan ya tashi ya fita, ya tsaya a tsakiyar kwanar ya ɗaga hannu biyu. Motar da ke tahowa ta tsaya. Ta bayanta ta tsaya. Aka shigo da motarsa ta ƙofar yamma da baya-baya, mata uku suka ɗauko Inna. Kamarar wurin ta nuna hanyar ta yi minti huɗu a tsaye. Layin ya fita titi da mota biyar. Direbobin tirela suka kauce musu, kamar yadda suke kauce wa komai a Sharaɗa. Da motar Labaran ta fita, aka ci gaba da miƙa abinci.

A asibiti likitar ta fito da sakamakon gwaji bayan la'asar. Safiyatu ta iso, da hular aiki a kanta.

"Ƙodojinta sun kusa tsayawa," in ji likitar. "Akwai ciwon mafitsara da ya daɗe har ya hau sama, ga rashin ruwa a jiki. Kofi nawa take sha a rana?"

Labaran da Safiyatu suka dubi juna.

"Da ku nake."

"Azumi take yi, likita," in ji Labaran.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu. Da ɗan ɗori."

"Mai shekara saba'in da huɗu, mai hawan jini, a wannan zafin? Kuna ina?"

"Ibada ce. Uwa ce. Ba ma iya hana ta."

Likitar ta dubi Safiyatu. Safiyatu ta buɗe baki, ta tuna bangon da Inna ke kallo, ta rufe. Daga baya, a baranda, ta ji yayanta yana amsa wayar wani kawunsu.

"A'a, Kawu, alhamdu lillahi ba mota ba ce. Ko kusa. Wa ya ce mota? Jiki ne na tsufa, ga yawan ibada."

Gaskiya ya faɗa. Babu motar da ta taɓa Inna Asabe. Babu wanda ya ɗaga mata murya a gidan, ba a taɓa hana ta abinci ba, kuma babu safiyar da ɗanta bai gaishe ta ba. Duk wanda za a tambaya a Sharaɗa zai shaida.

Ta yi kwana goma sha tara a asibiti. Yanzu ana yi mata wankin ƙoda sau biyu a sati, kuma likita ta ƙayyade mata ruwa, kofi biyu a yini. Tana yawan cewa ƙishirwa take ji. Daga asibiti Zawaciki aka wuce da ita, ba a tambaye ta ba, ita ma ba ta yi musu ba. Ba ta sake kiran sunan ba. Da Atika ta zo dubiya ta ba ta labarin, Inna ta ce zafin zazzaɓi ne, kuma kada ta ƙara faɗa wa kowa.

Labaran ya mayar da tudun da madubin kwana ɗaya kafin wa'adin ya cika. Bututun bai taso ba. An kwance gadon mai rumfa, an kai shi Zawaciki tare da kwanonin da hoton. A ɗakin yanzu akwai buhunan shinkafa da jarkokin mai. Da masu duba gini suka dawo a watan Yuni, suka tarar da komai daidai da zane. Ko allon ƙofar ba a canza ba.

A gidan Safiyatu banɗaki yana cikin tsakar gida, taku huɗu daga ƙofar Inna. Layinsu ma mota ba ta shiga, saboda kwata. Duk da haka kullum sai Inna ta tsaya a bakin ƙofa da butarta, ta karkata kai, kunnen dama a gaba.

"Inna, wuce mana," Safiyatu takan ce daga wajen murhu. "Babu mota a nan."

"Na sani," in ji Inna.

Sai ta ƙara jira kaɗan.